Inda Ka Rubuta "Babu"

Wunti, Bauchi
Alhamis da hantsi

Assalamu alaikum, Ɗan Inna.

Ina gaishe ka gaisuwar uwa, ina roƙon Allah ya sa lokacin da za ka buɗe wannan takarda ka riga ka sauka Abuja lafiya, ka sha ruwa, ka yi salla. Allah ya kiyaye ka daga sharrin hanya da na ƙarfe, ya haɗa ka da mutanen kirki. Na ce wa ƙanwarka Zainab ta cusa ta cikin jakarka, ƙarƙashin robar yaji, don na san in na miƙa maka da hannuna a gabana za ka buɗe, ni kuwa ba zan iya tsayawa kana karantawa ba. Ka yi haƙuri da rubutun. A ajin manya na koye shi da goyon autarku a bayana, ga shi kuma hayaƙin tanda ya cinye rabin idon.

Ba labarin gida zan ba ka ba, ka san shi. Magana ɗaya ce ta hana ni sakat, kuma ina so ka gama karanta ta kafin ranar Litinin da za ka je neman aikin nan.

Ranar Talata ka manta takardar neman aikinka a kan tabarma, wadda kuke ce wa sibi, wadda za ka miƙa a otal ɗin da ke neman mai shirya wa kuku kayan girki. Da Turanci take, sai na ba ƙanwarka ta karanta tana fassara mini. Sakandaren da ka gama daidai, lambar waya daidai, har da cewa kana son ƙwallo, abin da ban ga haɗinsa da tukunya ba. Da ta zo gurbin aikin da mutum ya taɓa yi, sai ta tsaya. Na ce ta ci gaba mana, ko Turancin ne ya fi ƙarfinta? Ta ce, "Adda, babu ya rubuta."

Da ka dawo ina madafa ina juya masa, ina jin ku ta taga. Ta ce maka, "Yaya, shekara tara kana aiki da Adda, ya za ka ce babu?" Ka ce, "Wane aiki? Yankan albasa? Je ki tambaye ta ko ta taɓa cewa na iya wani abu." Ba da fushi ka faɗa ba, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. Masa uku ta ƙone a tandar ina tsaye a kanta, ban sani ba sai da ƙaurin ya kai zaure.

In ka kai takardar nan yadda take, gefe za su ajiye ta su kira wani, ka dawo Bauchi kana ganin dama haka kake. Ni na jawo wannan, don haka bari in gaya maka inda na yi kuskure, tun ina da sauran numfashi.

Shekarar da mahaifinku ya rasu, bayan na fita takaba, na ji ana neman mai girki a wani gidan abinci na ɗalibai a Yelwa. Mutum ɗaya suke so. Muka shiga keke ni da Saratu, maƙwabciyarmu mutuniyar Bogoro mai Hausar nan da ba ta raba mace da namiji, wadda ni na koya mata haɗa ƙullun masa da hannuna. Matar da ke da wurin ta zaunar da mu a benci ta fara da ni. Ta ce, "Me kika iya dafawa?" Na sunkuyar da kai na ce, "To, muna dai ɗan taɓawa." Ta ce, "Za ki iya abincin mutum ɗari?" Na ce, "Allah dai ya iya mana." A lokacin na yi girkin biki ya fi a ƙirga, amma haka aka tashe mu, mace ba ta zama a gaban baƙuwa tana yabon kanta.

Ta juya wajen Saratu. Saratu ta gyara zama ta ce, "Madam, na iya masa, na iya miyan taushe, na iya tuwo na mutum ɗari biyu, kuma ina zuwa aiki kafin ƙarfe shida." Ta nuna ni ta ƙara da cewa, "Wannan mata ma shi ya koya mini, ya fi ni." Matar ta dube ni ta ga ko zan ce wani abu. Na yi murmushi ina wasa da bakin mayafi. Aka ɗauki Saratu.

A hanyar dawowa ta yi ta yi mini faɗa har Wunti. "Maman Zainab, me ya sa ka yi shiru? Madam bai san ka ba! Ta ina zai sani in ba ka faɗa ba?" Na ji haushinta kwana biyu, daga baya na gane gaskiyarta. A unguwa ba sai na buɗe baki ba, wadda ta ci masata ita za ta kai labari. Amma wanda zai karanta takardarka bai taɓa taka Wunti ba, bai san gidanmu ba, babu mai ce masa ai ɗan gidan wance ne. Abin da ka rubuta shi kaɗai ya sani. Faɗin abin da ka iya a wannan wurin ba girman kai ba ne, amsa tambaya ce. Ni na ƙi amsawa, kuma kun sha wuyar shirun nan tare da ni, ka fi kowa tunawa da shekarar.

Kada kuma ka zarce, don ni da na tashi gyarawa zarcewa na yi. Na sha alwashin ba zan ƙara cewa muna taɓawa ba. Wata huɗu bayan haka matar wani malamin jami'a ta zo daga Gwallameji, za ta aurar da ɗanta. Ta lissafo masa, shinkafa, kaji, sannan ta ce, "Kin iya salak ɗin nan na kabeji mai kirim, irin na otal?" Ban taɓa haɗa shi ba, sau ɗaya na ci a wani biki. Na ce, "Sosai ma, Hajiya."

Da sassafe na yanka kabeji da karas, na juye kirim, na cuɗa, na rufe a baho na tura inuwa. Bazara ce. Ban san abu ne da ba ya zama sai a firij ba, kuma ban tambaya ba, tunda na riga na ce na iya. Sai la'asar aka raba. Kashegari labari ya iso ni cewa ciki ya murɗa wa mutane da yawa, gwaggon ango ma sai da aka ƙara mata ruwa a asibiti. Hajiyar ta zo har gida. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Zama ta yi a bakin tabarma ta ce, "Baiwar Allah, da kin ce ba ki iya ba, ai da na nemo mai yin wannan ɗin, ke ki yi sauran." Shekara biyu babu wanda ya ƙara kirana daga Gwallameji, kuma har yau in na tuna tsohuwar nan sai na nemi gafarar Allah.

Na kawo wannan ne don na ji shawarar da abokinka Bala yake ba ka a zaure, wai ka rubuta ka yi shekara biyu a wani otal a Jos, wa zai bincika. Bala da ko ruwan shayi sai an dafa masa. Ba sai sun bincika ba, ranar farko za su nuna maka wata na'ura su ce kunna, ka tsaya kana kallonta. Ƙaryar madafa kuwa a cikin mutane take ƙarewa. Ba ka san obin ba, tandar nan ta Turawa, ba ka san abincin Turawa ba, ba ka taɓa aiki da injin yanka ba. Kada ka rubuta su. In sun tambaya ka ce ba ka sani ba tukuna, amma kana da saurin ɗauka, don wannan gaskiya ce.

Yanzu ga babban, wanda na yi ta kewayawa.

Ka tuna bikin gidan Alhaji mai yadi, shekara uku da suka wuce, na mutum ɗari huɗu? Ana gobe ɗaurin aure hawan jini ya kayar da ni, kaina kamar zai rabe, ko zama ba na iyawa. Na ce a je a ba su haƙuri su nemi wata. Ka ce a bari. Kai ka je kasuwa, kai ka jiƙa shinkafa ka kai inji, kai ka raba wa matan da muke ɗauka aiki, kai ka gyara kaji sittin. Ina kwance ina jin ƙarar wuƙarka a kan katako, daga jin sautin na san yankan daidai yake tafiya. Da azahar ranar bikin na lallaɓa na je, na tarar an zuba komai a kuloli, ko gishiri ban gyara ba.

Uwar amarya ta fito bayan gida inda muke, mata cike da wurin. Ta kama hannuna ta ce, "Kin haifi ɗa! An ce mini shi ya yi komai. Allah ya yi masa albarka." Kana tsugune a bayana kana wanke wuƙa. Na ce, "Wa? Wannan? Ai ci kawai ya iya." Mata suka kwashe da dariya, wata ta ce ai dole, ɗan fari ne. Duk sun gane abin da nake nufi. Kai ba ka yi dariya ba. Ka goge wuƙar da gefen rigarka, ka sa ta a kwando, ka ɗauki babbar tukunya ka yi waje. Na ga fuskarka, kuma na bar maganar a haka har yau.

Ka san al'adarmu. Uwa ba ta yabon ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta kiran sunansa. Shi ya sa unguwa ke ce mini Maman Zainab alhali kai ne babba. Shi ya sa da aka yaye ka mahaifiyata Inna ta ɗauke ka, ka tashi kana ce mini Adda kamar yadda ƙannena ke ce mini, ni kuma ina ce maka Ɗan Inna. Ban ce al'adar banza ce ba, a cikinta na tashi. Amma akwai abin da ban lura da shi ba sai ranar Talatar nan. Ana yin wannan kunyar ne don akwai masu yi wa uwa abin da ta kasa. Inna ce mai yi maka kirari, ita ke cika baki da kai a gidan suna, ita ke ɓoye maka tsoka. Mahaifinka kuma, ko bai faɗa a gabanka ba, yana aiko abokansa su faɗa maka. Ya rasu kana da shekara sha huɗu, Inna ta bi shi bayan shekara biyu. Masu yabon suka tafi, ni kuma na ci gaba da shiruna kamar suna nan. Shekara takwas ke nan babu wanda ya ce maka sannu, ka iya, a cikin gidan nan.

Har lokacin da samarin unguwa suka sa ka a gaba suna ce maka mai aikin mata, ina ji daga ciki. Na so in fito in ce musu wannan aikin matan shi ke ciyar da marayu huɗu. Na ɗauki mayafi, na kai bakin zaure, na koma. Ka yafe mini wannan ma. In Allah ya ba ka ɗa, ka yi kunyarka yadda ka ga dama, amma ka riƙa dubawa ko akwai mai gaya masa abin da kai ba ka faɗa.

To ɗauki biro. Ka je shagon masu kwamfuta a can, a goge babun nan, a sa abin da zan faɗa. Turancin kai ka sani, ni gaskiyar na sani.

Ka rubuta ka yi shekara tara kana shirya kayan girki a wajen mai masa da abincin biki a Wunti, Bauchi. Kada ka ji kunyar sunan, wanda ya san abinci ya san masar Bauchi. Ka rubuta kana yanka kwandon albasa kafin ruwan babbar tukunya ya tafasa, kuma yankan girmansa ɗaya, don na sha ɗebowa ina dubawa in ka juya baya. Ka rubuta ka iya fige kaza, ka fasa ta ba tare da ka fasa matsarmama ba, ka raba ta takwas. Ka iya zaɓen tumatir da tattasai da attarugu a kasuwa, ba a cusa maka ruɓaɓɓe a ƙasan kwando. Ni an sha cusa mini, kai ban taɓa gani ba.

Ka rubuta katakon nama daban, na ganye daban. Kai ka kawo wannan tsari gidan nan daga abin da aka koya muku a makaranta, na yi ta mita ina cewa iyayi ne, ashe kai ke da gaskiya. Ka rubuta ba ka taɓa abinci sai ka wanke hannu da sabulu, ba ka tara farce, ba ka barin ɗanyen nama ya jira a zafi. Ka iya auna abincin mutum hamsin da na ɗari huɗu, ba ya kasawa, ba a kuma zubarwa. Da hanci kake gane ƙullu ya tashi, tun kafin a buɗe murfi. Wannan ban san yadda za a sa shi a Turanci ba, ka san dabarar da za ka yi.

Ka sa bikin nan na mutum ɗari huɗu, ka ce kai ka jagorance shi. Ka sa cewa a shekara tara ba ka taɓa makara ba, in ban da ranar da aka yi maka ɗinki a yatsa, ita ma da hantsi ka dawo kana tsince shinkafa da hannu ɗaya. Kada takardar ta wuce shafi guda, mai aiki ba ya da lokacin karanta tarihi. Ƙwallon nan kuma ka cire shi don Allah.

In sun ɗauke ka, ka riƙe cewa kai sabo ne a can. Kukun da za ka yi wa aiki wataƙila ya ce ka yanka albasa ba yadda na koya maka ba. Ka yanka yadda ya ce, madafarsa ce. In ka ɓata abu ka faɗa da bakinka kafin a gano. Abin da ba ka sani ba ka tambaya tun da safe, kada ka jira la'asar irin tawa. Ka nemi inda ake salla tun ranar farko, kuma kada ka kai bakinka ga abin da ba ka san da me aka haɗa shi ba. Na so in sa maka wuƙata a jaka, Zainab ta ce in masu bincike a hanya suka gani sai mun je belinka, shi ya sa na fasa.

Saura abu ɗaya. A ƙasan takardar akwai gurbin mutanen da za a kira su ba da shaida a kanka. Na ji Kawu Sani ka rubuta. Kawunka mutumin kirki ne, amma tayar babur yake sayarwa, bai taɓa ganin ka riƙe wuƙa ba, in suka kira shi gaisuwa kawai za su sha. Ka cire shi, ka sa Saratu. Yanzu ita ce babba a madafar can ta Yelwa, ta ga aikinka a bukukuwan da ta zo taya mu, kuma tana jin Turanci. Jiya na je na same ta, ta ce, "Su kira ni mana, ni zan gaya musu yaron ya fi mamansa."

Sannan ka sa ni. Na san abin da ya sa ba ka sa ni ba tun farko, ka ɗauka in suka kira zan ce ci kawai ka iya. Zainab ta ce ba a sa uwa a irin wannan gurbin. To kada ka sa ni a matsayin uwa, ka sa ni a matsayin wadda ka yi wa aiki shekara tara, don duk duniya babu wanda ya fi ni sanin hannunka. In sun tambaya ko mahaifiyarka ce kada ka ɓoye.

Saratu ce ta tuna mini wani abu. Ta ce, "In sun kira, za su ce wane yaro ne ya yi maka aiki, ka faɗi sunansa. Me za ka ce? Ɗan Inna?" Ta ce in gwada a gabanta, in ɗauka ita ce mai otal. Ta kara hannu a kunne kamar waya. Na buɗe baki, wallahi harshena ya ƙi. Shekara ashirin da huɗu ban furta shi ba, ko a asibiti nuna kati nake yi. Ta fara dariya, da ta dubi idona sai ta daina, muna nan a bayan madafarta aka kira ta. Na dawo a keke ina ta gwadawa a cikin mayafi, mai keken yana waiwayowa ko da shi nake. Kafin mu iso Wunti ya fita sau ɗaya, a hankali. Zan ci gaba da gwadawa har Litinin, kuma wayata ba za ta bar ƙuguna ba.

Ƙannenka suna gaishe ka, Saratu ma ta ce a gaishe ka. Ka gaida mutanen gidan da ka sauka, ka yi musu godiya a madadina. Allah ya sa a karɓi takardarka da hannu biyu, ya tsare yatsunka daga wuƙa da jikinka daga wuta, ya tsare maka addininka da mutuncinka. Allah ya jiƙan mahaifinka da Inna, da suna nan da ba sai na yi wannan dogon rubutu ba. In an ɗauke ka, alhamdu lillahi. In ba a ɗauke ka ba, ka dawo da kanka a sama, ba don ba ka iya ba ne.

Ka iya, Idrisu. Tun kana ɗan shekara sha biyar na sani. Allah ya yi maka albarka, Idrisu, ɗana.

Mahaifiyarka,
Adda